Tushiya Mafarin Dawa: Shin Asali Yana Bin Abu Har Abada?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-komo a zukatanmu, mu da muke riƙe alli da rana, mu ɗauki biro da daddare. Tambayar ita ce: idan abu ya tsiro daga mummunan tushe, daga baya ya girma ya zama abin amfani, har jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu, shin dauɗar tushen nan tana nan manne da shi, ko kuwa tsawon zamani yana wanke ta?

Magabatanmu ba su raba mana wannan gardama ba. Su ne suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na farko yana nuna mana asali ba ya ɓuya. Na biyu kuwa, ko da yake an fi faɗarsa a kan ɗan da ya zubar da tarbiyyar gidansu, yana tabbatar mana abu yana iya saɓa wa abin da ya haife shi. To wanne za mu kama?

Da za mu ɗauko misali daga cikin gida, da kafin mu kai sakin layi na biyu mai karatu ya fara lissafin wa muke nufi, son rai ya shigo, tunani ya fita. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu yi nisa, mu tafi kudancin Amurka, mu duba tarihin tseren motoci irin waɗanda kowa ke iya saye a kasuwa, wato wasan da ƙungiyar NASCAR take shiryawa. Wasa ne da dubban mutane ke cika filaye don kallonsa, manyan kamfanoni suna zuba masa kuɗi, ana nuna shi a talabijin. Amma a cikin ƙura ya taso, kuma ƙurar ba ta ƙasa ce kaɗai ba.

Inda Aka Faro

A shekarar 1920 dokar hana sayar da barasa ta fara aiki a duk faɗin Amurka, ba a soke ta ba sai a 1933. Tun kafin wannan doka, manoman da ke zaune a tsaunukan Afalashiya, a jihohi irin su Jojiya da Karolina ta Arewa da Bajiniya, sun saba dafa barasar masara a ɓoye cikin daji don gudun haraji. Da dare suke aikin, shi ya sa aka yi mata laƙabi da "hasken farin wata". Soke dokar bai kashe sana'ar ba, domin gwamnati ta ɗora haraji a kan barasar kanti, ga shi kuma gundumomi da yawa a kudu sun ci gaba da haramta ta a yankunansu. Bugu da ƙari, karyewar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ta bar manoman nan cikin ƙunci. Buhun masarar da ba ya kawo abin kirki a kasuwa, in aka dafa shi ya zama ruwa, sai ya ciyar da gida.

Dafawa aiki ɗaya ne, kaiwa birni aiki ne daban. A nan samari 'yan fasa-ƙwauri suka shigo. Abin da suke buƙata shi ne motar da in ka gan ta a hanya ba za ka waiwaya ba, amma in ta tashi gudu motar jami'an haraji ba za ta ga ƙurarta ba. Injin nan mai silinda takwas da kamfanin Ford ya fitar a 1932 ya biya musu buƙata. Makanikai suka riƙa ƙara wa inji ƙarfi, su cire kujerar baya don kaya su sami wuri, su ƙarfafa sifirin na baya don kada nauyin kaya ya sa motar ta zauna, asiri ya tonu. Direba kuma ya koyi bin hanyoyin turɓaya masu lanƙwasa cikin duhu, wani lokaci ba tare da kunna fitila ba.

Duk inda samari suka taru da irin waɗannan motoci, gardama ba ta da nisa: ta wa ta fi gudu? Sai a nemi fili, ko makiyayar shanu, ko zagayen sukuwar dawaki na filin baje kolin amfanin gona, a gwada. Jar ƙasa ce, ba kwalta. Ƙura takan turnuƙe har direba ya kasa ganin na gabansa, ramuka su buɗe tun ba a kai rabin tsere ba. Gwaninta a irin wannan fage ita ce mutum ya bar bayan motar ya sulale a kwana, yana sarrafa ta da sitiyari da totur ba tare da ta ƙwace masa ba. Wannan kuwa darasi ne da ɗan fasa-ƙwauri ya riga ya haddace a kan hanya, da ransa a hannu.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa ba duk direbobin farko ne 'yan fasa-ƙwauri ba. Akwai makanikai, akwai manoma, akwai tsofaffin sojoji. Sai dai babu mai musun cewa da yawa daga gwanayen farko daga wannan sana'a suka fito, kuma kuɗinta ya sayi motoci, ya taimaka wajen gina wasu filayen.

Kofi Yau, Kabari Gobe

Wanda ke son ganin haske da duhun wannan zamani a jikin mutum ɗaya, ya dubi Lloyd Seay, saurayi daga gundumar Dawson ta jihar Jojiya. Da dare yana jigilar barasa zuwa Atlanta, ranar wasa kuma yana tuƙa motar ɗan'uwansa Raymond Parks, wanda shi ma da wannan sana'a ya yi arziki, har ya taɓa zaman kurkuku saboda ita. A ranar 1 ga Satumba, 1941, Seay ya ci babban tsere a filin Lakewood na Atlanta, zagayen turɓaya mai tsawon mil ɗaya. Washegari, 2 ga wata, wani ɗan'uwansa ya harbe shi har lahira a kan gardamar kuɗin sukarin da ake dafa barasa da shi. Shekarunsa 21.

Mu tsaya a nan kaɗan, 'yan'uwa. Hanyar da ta koya wa yaron nan tuƙin da ya ci kofi da shi, ita ce ta kai shi kabari kwana ɗaya bayan kofin. Duk wanda zai ba da labarinsa ya ɗauki rabi ya bar rabi, ya yi ƙarya, ko da kuwa kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce.

Ranar Da Aka Yi Wa Wasa Wanka

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ya dawo da ƙarfinsa, amma babu tsari. Kowane fili da dokarsa, kuma ba sau ɗaya ba mai shirya gasa ya tattara kuɗin ƙofa ya sulale tun motoci suna zagaye, direbobi su gama wahala su tarar babu lada. Wani makanike mai suna Bill France, mazaunin Daytona a jihar Filorida, wanda ya yi tsere a kan rairayin bakin tekun garin tun 1936, daga baya ya koma shirya gasar, shi ne ya kira taro a otal ɗin Streamline ranar 14 ga Disamba, 1947. Daga wannan taro aka haifi NASCAR, aka yi mata rajista ranar 21 ga Fabrairu, 1948. Makaniken Parks, wato Red Vogt, shi ake danganta wa raɗa sunan, kuma a cikin motar Parks ne Red Byron ya zama zakaran farko.

A ranar 19 ga Yuni, 1949, aka yi tseren farko na motocin da doka ta ce kada a taɓa su, su shigo yadda suka fito daga kamfani. A filin turɓaya na garin Charlotte aka yi shi, zagaye 200. Glenn Dunaway ne ya fara isa. Da masu bincike suka leƙa ƙarƙashin motarsa sai suka tarar an gyara sifirin na baya, irin gyaran nan na masu jigilar barasa. Nan take aka soke nasararsa, aka ba Jim Roper, wanda ya zo daga jihar Kansas. Mai motar ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba.

Wannan rana ta ishi mai tunani. Ɗa ne ya tsaya a bainar jama'a ya ƙi amsa sallamar ubansa. Daga nan wasan ya ci gaba da nisantar ƙura: a 1950 aka buɗe babban filin kwalta na Darlington, a 1959 na Daytona, sannan a ranar 30 ga Satumba, 1970, a garin Raleigh, aka yi tseren ƙarshe na babban rukuni a kan turɓaya, Richard Petty ya ci. Sai bayan shekara hamsin, a 2021, aka sake zuba ƙasa a filin Bristol don babban rukunin, aka yi haka shekara uku aka daina.

Amsoshi Uku

Yanzu mu dawo kan tambayarmu. A fahimtarmu, mutane sukan amsa ta ta hanyoyi uku, kuma duka ukun sun bayyana a wannan tarihi.

Hanya ta farko ita ce binnewa. Shekaru da yawa shugabannin wasan ba su son a tayar da zancen barasa, domin suna neman iyalai su zo kallo, kamfanoni su zuba kuɗi. Muna iya fahimtar dalilinsu, kuma wanda ya bar mugun aiki yana da haƙƙin kada a yi ta goranta masa. Amma binnewa tana da farashi. Idan ka share laifin, sai ka share mutanen tare da shi. Raymond Parks, wanda motocinsa suka ci kambun farko, ya rasu a 2010, ba a shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen wasan ba sai a 2017. Ka ci moriyar ganga ka ya da kwaurenta ke nan, kuma butulci ba ya zama tsarki don kawai an yi shi da sunan gyara.

Hanya ta biyu ita ce ƙawatawa. Da zamani ya juya, sai aka gano cewa labarin ɗan fasa-ƙwauri yana da kasuwa. Junior Johnson na gundumar Wilkes ya zama alamar wannan. An kama shi a 1956 a wurin tukunyar dafa barasar mahaifinsa, ya yi wata 11 a kurkuku, ya fito ya ci gaba da tsere, har jimillar manyan tseren da ya ci a rayuwarsa ta kai 50, ciki har da na Daytona na 1960. Shugaba Ronald Reagan ya yi masa afuwa a 1986. Da aka buɗe zauren tunawa da gwanaye a Charlotte a 2010, yana cikin mutum biyar na farko da aka karrama, kuma shi da kansa ya harhaɗa tukunyar dafa barasar da aka girke a wurin don maziyarta. Abin da aka ɓoye jiya ya zama abin nunawa yau. Wannan ya fi binnewa kusa da gaskiya, amma shi ma yana da nasa ramin. A cikin labarin da aka ƙawata, ɗan fasa-ƙwauri jarumi ne, jami'in haraji wawa ne, dare yana da daɗi. Ina waɗanda gubar dalma ta lalata wa jiki saboda wasu masu dafawa da tsohon lagireton mota suke tace barasar? Ina iyalan da shaye-shaye ya tarwatsa? Ina mahaifiyar Lloyd Seay? Su ba su da kofi, ba su da hoto a bango.

Hanya ta uku ita ce wadda muke goyon baya, kuma ita ce mafi wuya: a faɗi abin yadda yake, a ba kowane ɓangare haƙƙinsa.

Abin Da Ke Wankuwa Da Abin Da Ba Ya Wankuwa

Domin mu kare wannan ra'ayi, dole mu rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato gwaninta da manufa. Iya sarrafa mota a kwana baiwa ce da horo, kamar iya riƙe wuƙa. Wuƙar mahauci da ta ɗan fashi ƙarfe ɗaya ne. Lokacin da saurayin nan ya bar hanyar dare ya shiga fili da rana tsaka, inda akwai doka, kowa ya shigo da yardarsa, gwanintarsa ba ta canza ba, manufar ce ta canza. Mutumin da ya sayi tikiti a yau ya kai 'ya'yansa kallo ba shi da kaso a laifin 1941. A wannan fuska, albasa tana iya ƙin halin ruwa, kuma tushe ba ya yi wa reshe hukuncin har abada. Da ba haka ba, da babu amfanin tuba, babu amfanin makaranta, da mu malamai mun daɗe da ajiye alli.

Amma abin da aka riga aka aikata ba ya komawa. Nasarar da ta zo daga baya ba ta tafiya da baya ta halatta laifin da ya gabace ta. Afuwar shugaban ƙasa ta mayar wa Johnson da 'yancinsa na ɗan ƙasa, ba ta ce ba a yi abin ba. Wanda ya ce, "Ai da ba a yi fasa-ƙwaurin ba da ba a sami wasan ba, saboda haka fasa-ƙwaurin alheri ne," ya yi kuskuren lissafi. Ruwan sama yakan tsirar da shuka a kan juji, wannan bai mayar da juji gona ba.

Wani zai ce: to talauci fa? Mutumin da 'ya'yansa ke kwana da yunwa, gwamnatin da ba ta kawo masa komai ba sai mai karɓar haraji, da wane baki za mu zarge shi? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi watsi da ita ba. Talauci yana bayyana mana dalilin da ya sa mutum ya faɗa, yana kuma sassauta harshenmu a kansa. Sai dai akwai maƙwabtansu da suka sha irin wannan yunwa ba su bi wannan hanya ba, kuma in muka ce yunwa ta wanke kowa, mun zalunci haƙurin waɗannan. Fahimta daban, wankewa daban.

Akwai kuma wani darasi da bai kamata ya wuce mu ba: dauɗa ba a gefen masu karya doka kaɗai take ba. Wendell Scott baƙar fata ne daga garin Danville na jihar Bajiniya, shi ma ya yi jigilar barasa kafin ya shiga tsere. A ranar 1 ga Disamba, 1963, a filin turɓaya na Jacksonville, ya riga kowa gamawa, amma aka ɗaga wa wani Bature, Buck Baker, tutar nasara. Sai bayan 'yan kallo sun watse aka amsa cewa Scott ne ya ci. Kofin bai shiga hannunsa ba har ya rasu a 1990, iyalansa ne aka miƙa wa a 2021. Waɗanda suka yi masa haka ba a daji suke ɓuya ba, suna da ofis da rajista da littafin dokoki. Ashe mai wanka da sabulu ma yana iya fitowa da dauɗa. Saboda haka idan za a yi lissafin tabon asali, a yi shi cikakke, kada a tsaya kan talakan da ya shiga hannu.

Ina Ruwan Marubuci?

Ruwanmu ne ƙwarai, domin a hannunmu labari yake kwana. Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta tarihin wani attajiri, ko na wata sana'a, ko ya ƙirƙiri tauraron ƙagaggen labari, ya san jarabobin nan biyu. Ɗaya tana raɗa masa ya goge duk wani tabo, ya fito da mutum fari fat kamar bai taɓa taka ƙasa ba. Ɗaya tana raɗa masa ya yi wa ɓarna ado, domin ɓarna mai ado tana sayar da littafi. Ta farko tana haifar da rubutun da ba wanda ya yarda da shi, ta biyu tana haifar da rubutun da yara ke yarda da shi fiye da kima.

Mu da muke tsayawa gaban aji mun san yadda matashi yake sauraron labari. In ka ba shi labarin Junior Johnson kaɗai, abin da zai ɗauka shi ne a fara da karya doka, a ƙare da kofi da afuwa. In ka ɓoye masa komai, ranar da ya gano gaskiya zai daina yarda da kai, har a kan abin da ka faɗa daidai. Amma in ka ajiye masa Johnson da Seay gefe da gefe, ka ce ga biyu da suka bi hanya ɗaya, ɗaya ya kai shekara 88, ɗaya bai wuce 21 ba, to ka ba shi abin da zai auna da kansa. Wannan shi ne aikin adabi a ganinmu, kuma ya fi wa'azin da ake liƙa wa shafin ƙarshe tasiri.

A taƙaice, amsarmu ita ce asali ba ɗaurin rai-da-rai ba ne, amma bashi ne. Ba a biyansa da kunya, ba a biyansa da taƙama, ana biyansa da faɗin gaskiya da kuma barin halin da ya jawo shi. Abu yana iya fin tushensa kyau, sharaɗin dai kada ya yi ƙarya game da tushen. An ce waiwaye adon tafiya, amma mai waiwaye da ido ɗaya rabin hanya yake gani.

A maƙabartar garin Dawsonville akwai dutsen kabarin Lloyd Seay, wanda Raymond Parks ya biya kuɗinsa. An sassaƙa motar tsere a jikinsa, ga hoton saurayin a tagar direba. Ba a sassaƙa buhun sukari ba. Wannan ɓangare na labarin, marubuta aka bar wa.